Hotunan tankokin Faransa na 1940: wa ya taɓa amfani da su, kuma yaya aka ƙare?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa ɗan bidiyo ne kan yaƙin Faransa na Mayu 1940, na samo hotunan tankokin yaƙi da yawa amma abu biyu sun sha min kai, ban iya gane wace runduna ce a hoto ba, sannan wani ya ce min wai ko hoto ya kai shekara 80 za a iya kama ni da satar fasaha. Wanda ya taɓa shiga harkar ya taimaka don Allah.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Fara da kallon jikin tankar. Faransawa a lokacin tankokinsu biyu ne a tsari, na sojan ƙasa suna cikin bataliya da ake kira BCC, na sojan doki kuma suna cikin manyan rundunoni da ake kira DLM, can za ka ga tankar Somua S35. Bataliyar ƙananan tankoki irin Renault R35 tana da guda 45, kamfani uku, kuma uku-uku suke tafiya. In ka ga alamar karta a jikin hasumiyar, irin zuciya ko daimon, ɓangaren da tankar take ciki ake nunawa. Ni da haka nake ware nawa.

Malama Hajjo: Ƙari kan maganar Baban Ummi, manyan tankokin nan B1 bis sun fi sauƙi domin suna ake rubuta musu a jiki. Akwai wata mai suna Eure ta Kyaftin Pierre Billotte ta bataliya ta 41 (41e BCC) wadda ta shiga ƙauyen Stonne ran 16 ga Mayu, da suna kaɗai sai ka gano bataliyar. Amma ni inda na ji jiki batun haƙƙi ne, na sa hoton wata B1 bis da ta ƙone a darasin da na ɗora wa ɗalibaina, sai ga saƙo daga wani kamfanin hotuna wai in cire ko in biya, na ce hoton 1940 fa? ashe ba ranar ɗauka ake dubawa ba, a Faransa da Jamus shekara 70 ake ƙirgawa bayan mutuwar wanda ya ɗauka. Kenan in ya rayu har 1990 sai ƙarshen 2060. Cirewa na yi kawai.

Ɗan Damagaram: Ikon Allah. To Malama ina mutum zai samu na halal kenan?

Abba Injamena: Bari in shigo. Mafi yawan hotunan tankokin 1940 da ke yawo Jamusawa ne suka ɗauka bayan an gudu an bar su a hanya, shi ya sa kullum za ka gan su a lalace. A 2008 Bundesarchiv, wato ma'ajiyar tarihin Jamus, ta saki dubban hotuna a shafin Wikimedia Commons da lasisin CC BY-SA, su nake amfani da su, sharaɗin kawai ka rubuta sunansu da na mai ɗauka kuma kar ka canja lasisin. Na rundunar Faransa kanta suna hannun ECPAD, ofishin hotuna na ma'aikatar tsaron Faransa, a Ivry, sai an nemi izini. Ni aikina kan 2e DB ne, rundunar tankokin Faransa ta Janar Leclerc, wanda daga nan Chadi ya tashi ya ci Kufra a 1941, kuma da yake a 1944 tankokin Sherman na Amurka suke hawa, akwai hotunansu da sojojin Amurka suka ɗauka, shi kuwa aikin gwamnatin tarayyar Amurka ba shi da haƙƙin mallaka, ɗauka kawai za ka yi.

Baban Ummi: Wanda nake gudu shi ne na albam ɗin sojoji da ake sayarwa a intanet. Na taɓa sayen ɗaya ina ta murna, wani lauya abokina ya ce min takardar na saya ba haƙƙin ba, haƙƙin yana wurin magada, magadan da ba wanda ya san su ma. Yana nan ajiye cikin durowa.

Ɗan Damagaram: Na gode ƙwarai. Malam Abba don Allah duba min ko akwai na 4e DCR, rundunar tankokin De Gaulle, a yaƙin Montcornet cikin na Jamus ɗin, da shi nake son buɗe bidiyon.