Me ya raba jarka da ledar burodi alhali sinadarinsu ɗaya ne?

Ɗalibar kimiyya:
Assalamu alaikum. A darasin sinadarai an raba mana polima, wato sinadarai irin su roba masu dogayen ƙwayoyi kamar sarƙa, gida huɗu bisa tsarin ƙwayoyinsu: mai miƙaƙƙiyar sarƙa, mai rassa, mai sarƙoƙin da aka ɗaure da juna, da mai tsarin raga. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an ce jarka da ledar burodi duk polietilin ne, amma aka ajiye su a gidaje daban. Ina roƙon malamai su yi mini bayani.

Malamin sakandare:
Wa alaikumus salam, 'yata. Duka biyun da iskar etilin ake yin su, bambancin yana ga yadda sarƙar ta fita. Polietilin na farko da kamfanin ICI ya gano a Ingila a 1933 ana haɗa shi ne da matsi mai tsananin ƙarfi, wanda ke sa sarƙar ta yi rassa dogaye da gajeru, shi ne ake kira LDPE, na ledar burodi, mai lamba 4 a jikin kaya. A 1953 Karl Ziegler na Jamus ya samo hanyar haɗa shi ba tare da wannan matsin ba, sarƙar ta fito kusan a miƙe, shi ne ake kira HDPE, na jarka, mai lamba 2. Idan kika ɗaure damin kara za ki ga ya matsu ƙam, amma rassan ƙaya ko yaya aka danna su sai sun bar gurbi a tsakaninsu. Haka miƙaƙƙun sarƙoƙi ke jeruwa dab da juna, shi ya sa jarka take da tauri kuma ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 130 a ma'aunin Celsius, ita kuwa leda mai laushi tana narkewa tun wajen digiri 110.

Injiniyan masana'anta:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai a wajenmu iyakar da ta fi muhimmanci tana tsakanin gidaje biyun farko da biyun ƙarshe. Mai miƙaƙƙiyar sarƙa da mai rassa, babu ƙulli na sinadari tsakanin sarƙa da 'yar'uwarta, don haka ake niƙa tsoffin bokitai da jarkokin da 'yan jari bola suka tara, a narkar da su, a sake zuba su a sabuwar siffa. Taya kuwa ba haka take ba, domin an dafa danƙonta da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya gano a 1839, kuma farar wutar ta ɗaure sarƙoƙin a wurare jefi-jefi. Ɗaurin ne ke sa ta miƙe ta koma yadda take, shi ne kuma ke hana ta narkewa, sai dai ta ƙone.

Ɗalibar kimiyya:
Na gode. To mene ne ya raba taya da mai tsarin raga, tunda duk ɗauri ne?

Malamin sakandare:
Yawan ɗaurin ne, shi ya sa wasu littattafan suke haɗa su gida ɗaya, kuma a ganina ba su yi kuskure ba. A Bakelite, wani nau'in roba mai tauri wanda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, ƙwayoyin suna kama juna ta fuska uku har abin ya zama dunƙule ɗaya, ba ya lanƙwasa, ba ya narkewa, shi ya sa ake yin hannun tukunya da soket ɗin lantarki da shi. Ita ma robar taya, idan aka cika mata farar wuta sosai, tauri take yi har ta daina miƙewa gaba ɗaya.