Neman shawara: Za mu faɗaɗa kicin a gidanmu a Ingila, an ce sai ta intanet ake neman izini

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san kan harkar gini a nan Ingila ku taimaka mini. Gidanmu irin na jere ne, bango ya haɗa mu da maƙwabta dama da hagu, kuma namu ne, da bashin banki muka saya. Kicin ɗin ya yi mana kaɗan ƙwarai, muna so mu tura shi baya cikin lambu kamar mita huɗu. Maginin da ya zo ya duba ya ce ba sai an nemi izinin kowa ba, a ba shi kafin alƙalami kawai ya fara.

Hankalina bai kwanta ba, sai na je ofishin ƙaramar hukuma. Babu ma teburin masu kula da gini a wurin. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta rubuta mini adireshin shafi a guntuwar takarda, ta ce komai a can ake yi. Na buɗe na ga ana neman taswira kala-kala, da wata shaidar mallaka mai A, B, C, D, kaina ya ɗaure. Maganar maginin gaskiya ce? In sai an nema, zan iya cikewa da kaina ko dole sai na ɗauki mai zane? Kuma nawa abin zai ci?

Malam Injiniya:

Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki ba da ko sisi tukuna. Maginin ya faɗi rabin gaskiya ne, ya bar miki rabin da zai iya ja miki wahala.

Akwai ƙarin ginin da doka ta riga ta halatta a Ingila ba tare da neman izini ba. Ga gida irin naku na jere, ko wanda ya haɗa bango da gida ɗaya, ƙarin da ba bene ba a bayan gida kada ya wuce mita 3. Wanda gidansa ke tsaye shi kaɗai ne aka ba mita 4. To ke mita huɗu kike so a gidan jere, kin ga kin haura da mita ɗaya.

Amma ba lallai sai kin bi doguwar hanya ba. Akwai ta tsakiya, wadda ke ba gidan jere dama har mita 6, da sharaɗin a sanar da ƙaramar hukuma kafin a haƙa ko da rami ɗaya. Su za su rubuta wa maƙwabtan da kuka haɗa iyaka, a ba su kwana 21. In babu wanda ya yi ƙorafi, shi ke nan. In an yi, sai jami'i ya duba ko ginin zai takura musu. Kwana 42 hukuma take da shi ta ba ki amsa. Tsayin ginin kada ya wuce mita 4, kuma in ya matso iyakar maƙwabci da ƙasa da mita 2, bakin rufin kada ya haura mita 3.

Abu biyu za ki bincika kafin komai. Na farko, daga bangon asali ake awo, wato yadda aka gina gidan tun farko, ko yadda yake a ranar 1 ga Yulin 1948 in tsoho ne. Yawancin gidajen jere wani ya taɓa maƙala musu ɗan ƙari a baya, kuma wannan yana cikin lissafi. Na biyu, in unguwarku tana cikin waɗanda aka keɓe don adana tsohon fasalinsu, hanyar mita 6 ɗin ba ta aiki a can, sai cikakken izini. Taswirar da ke shafin ƙaramar hukumarku za ta nuna miki, lambar unguwa kawai za ki sa.

Anti Mai Fom:

Ƙanwata, ni ina taimaka wa mutane cike irin waɗannan takardu a cibiyar al'umma, bari in gaya miki inda ake tuntuɓe. Cike fom ɗin ba shi ne aikin ba. Shafin da aka ba ki zai kai ki Planning Portal, wanda gwamnati ta buɗe tun 2002, kuma ta nan yawancin buƙatun gini a Ingila suke bi zuwa ƙananan hukumomi. Za ki buɗe asusu da imel, ki sa adireshi, ya yi ta tambayarki kina amsawa. Kina iya ajiyewa ki je ki ɗora tukunya ki dawo ki ci gaba. Zanen ne ke mayar da mutane baya.

In cikakken izini ne, ana son taswirar unguwa a ma'aunin 1:1250, an zagaye gidanki da lambunsa da jan layi, ga kibiya mai nuna arewa. In kina da wani fili a kusa, shi kuma shuɗin layi. Sai taswirar filin kanta a 1:500 ko 1:200, sannan zanen gidan ciki da waje, yadda yake yanzu da yadda zai koma, a 1:50 ko 1:100. Kada ki ɗauki hoton Google Maps da waya ki ɗora, ba a karɓa. Taswira mai lasisi ake saya, kuma ana sayarwa ta shafin. Na sha ganin an dawo da buƙata don jan layin ya tsaya a bangon gida bai haɗa da lambu ba, ko don an ɗauki hoton zane a karkace ma'aunin ya lalace. Abin haushin shi ne, mako takwas ɗin da ake cewa hukuma za ta yanke hukunci a cikinsu ba sa fara ƙirguwa sai an tabbatar takardunki sun cika.

Hanyar da Malam Injiniya ya faɗa ba ta neman zane mai yawa haka: bayani a rubuce da awon tsawo da tsayi, taswira mai nuna inda ƙarin zai zauna, da adireshin maƙwabta. Wannan za ki iya da kanki.

Maganar A, B, C, D kuwa, ta cikakken izini ce. A na wanda shi kaɗai ya mallaki wurin. B in akwai wani mai haƙƙi da kika sani, sai ki ba shi sanarwa. Ki lura, in harsashin ginin ko indararo zai ɗan shiga filin maƙwabci, B ce taki ba A ba. C da D na inda ba a san duk masu wurin ba ne, bai shafe ki ba.

Kuɗi: cikakken izini na ƙarin gida ya tashi daga fam 258 zuwa fam 528 a Afrilun 2025, kuma ana ɗan ƙarawa duk shekara. Hanyar tsakiya ta fi araha sosai. Shafin kansa yana ɗora nasa kuɗin hidima a kai, kada ki yi mamaki in kin zo biya. Tun Disamban 2023 kuma aka soke damar sake nema kyauta in an ƙi na farko.

Ɗan Birni:

Ni dai a ganina ana wahalar da kai ne. Mita ɗaya ce fa a bayan gida, wa zai leƙo? Mutane nawa suka yi abinsu shiru, har yau babu wanda ya ce musu uffan.

Malam Injiniya:

Ɗan uwa, wannan shawarar ta da ce. A da in gini ya shekara huɗu ba a taɓa shi ba, ya tsira. Daga 25 ga Afrilun 2024 wa'adin ya koma shekara 10 a Ingila. Sannan intanet ɗin da ake kuka da shi ya sauƙaƙa wa mai kai ƙara: maƙwabci yana zaune a falonsa zai duba ko an ba gidanka izini, in bai gani ba ya cike fom ɗin ƙorafi kafin shayinsa ya huce. Ko babu wanda ya yi magana, ranar da za a sayar da gidan lauyan mai saye sai ya nemi takarda. Rigakafi ya fi magani.

Baba Alhaji:

Ni abin da ke damuna daban ne. Da can za ka je ofis, jami'in gini yana zaune, ka baje masa zanenka a kan tebur ya nuna maka da biro inda za ka gyara, kyauta. Yanzu wurare da yawa sai ka biya kafin a ba ka shawarar farko, amsar ma ta imel. Harajin gida ta intanet, kwandon shara ta intanet, katin ajiye mota na masu lalura ta intanet. Sun ce ana rage kashe kuɗi ne, ban musa ba, amma dattijon da bai iya latsa waya ba fa? 'Yata, ki sani har yanzu ana iya buga fom ɗin a takarda a aika ta gidan waya, kuma ɗakunan karatu na unguwa suna da kwamfuta da na'urar buga takarda. Kada wani ya ce miki ƙofar ta rufe.

Anti Mai Fom:

Baba, maganarka dutse game da dattawa, su ne rabin masu zuwa wurina. Amma ga wadda ta iya, intanet ɗin ya fi mata. Za ta sami lambar shaida nan take, ta ga ranar da aka karɓa, da sunan jami'in da aka ba, da ranar da ya kamata a yanke hukunci. Kuma ga wata dabara da ba kowa ya sani ba: duk buƙatun da maƙwabtanki suka taɓa turawa a shekarun nan suna cikin rajistar ƙaramar hukuma a buɗe. Ki sa sunan layinku, ki nemo gida irin naku da aka amince wa, ki karanta rahoton jami'in. Za ki ga abin da suke dubawa da idonki.

Ummu Sadiya:

Wannan buɗewar ita ce abin da nake so 'yar uwa ta sani tun yanzu. Yadda kike ganin na wasu, haka za a ga naki: suna, adireshi, har zanen cikin gida. Sa hannu da lambar waya da imel ake rufewa. Don haka a wurin bayani kada ki zuba sirrin iyali, wai yara sun yi yawa ko suruka za ta dawo wurinku. Ba ya ƙara komai. Abin da ake aunawa shi ne tare wa maƙwabci haske, ko taga mai leƙa cikin gidansa, ko girman ginin. Shi ma maƙwabci in ya ce darajar gidansa za ta faɗi, ba a saurarensa.

Ɗan Uwa daga Gilasgo:

A tuna duk wannan na Ingila ne. Mu a Sikotilan shafinmu daban, dokokin awo da kuɗi ma daban. Kada wani ya kwafa ya shiga matsala.

Maman Biyu:

Allah ya saka muku da alheri. Na duba taswirar, unguwarmu ba ta cikin keɓaɓɓu, kuma bangon baya na asali ne. Za mu bi hanyar tsakiya. Malam, saura abu ɗaya: maƙwabciyarmu ta hagu tsohuwa ce, ba ta taɓa kwamfuta. In hukuma ta amince, magini zai iya farawa ke nan?

Malam Injiniya:

Da sauran abu biyu, Hajiya, kuma amincewar farko ba ta ɗauke miki su. Akwai masu duba ingancin gini, su ne ke zuwa su ga zurfin harsashi, ƙarfen da zai ɗauki nauyin bangon da za a fasa, magudanar ruwa da wutar lantarki. Buƙatarsu daban, kuɗinsu daban, kuma a nan ne mai zane zai yi miki amfani, don zanensa ne zai ɗaure magini kan abin da kuka yi yarjejeniya.

Sai dokar bangon tarayya ta 1996. Wannan tsakaninki da maƙwabta ne, ƙaramar hukuma ba ta ciki. In za a taɓa bangon da ya haɗa ku, sanarwar wata biyu a rubuce. In haƙa ne kusa da gininsu, wata ɗaya. Ita tsohuwar kuwa, hukuma za ta aiko mata wasiƙar kwana 21 ɗin nan ta ƙofa, amma kada ki bari wasiƙar ta riga ki. Ki shiga da kanki da zanen a hannu, ki nuna mata inda bangon zai tsaya da tsayinsa. Sanarwar bangon kuma, in ta amince ta sa hannu cikin kwana 14. In ta yi shiru har suka wuce, doka za ta ɗauka akwai saɓani, sai an naɗa mai awo, kuma yawanci ke za ki biya shi.