Wa ya fi dacewa ya saurari wadda ta kuɓuto daga daji?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wajen ɗaurin aure muka yi gardama da wani abokina, na ce bari in kawo ta nan. Ni a ganina, matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram ko 'yan bindiga, malaminsu da danginsu sun fi yi musu magani a kan zaman da ake yi da su a ofis, baƙo riƙe da takarda yana cewa "faɗa mini abin da ya same ki". Mace a wajenmu ba ta buɗe wa baƙo cikinta, balle namiji. A yi mata addu'a, a mayar da ita cikin 'yan'uwanta, Allah zai sanyaya mata zuciya.

Hajiya Yagana: Wa alaikumus salam Malam. Rabin maganarka na yarda da ita. Na yi aikin sa kai a wani sansani a Maiduguri kafin gwamnatin Borno ta fara rufe su a 2021. Da idona na ga yarinya tana magana da Kanuri, tafinta namiji yana juyawa zuwa Hausa, wani kuma yana juyawa zuwa Turanci. Ƙungiyoyi daban-daban suka zo, kowacce sai ta sake ba da labarin daga farko. Daga baya ta daina magana da kowa, har da ni. Amma batun dangi, Malam, a nan muka rabu. Su wa ke kiran matan nan "annoba"? Su wa ke hana 'ya'yansu wasa da yaron da ta haifa a daji? UNICEF da International Alert sun rubuta wannan tun 2016, mu kuwa a bakin famfo muke jin sa kullum. Gidan da kake cewa a mayar da ita, sau da yawa a can gorin yake.

Nura: Malam, ni ma'aikacin jinya ne. Akwai wadda za ta yi kwana goma ba ta runtsa ba, ƙarar babur kaɗai ta sa ta shige ƙarƙashin gado, ko ta fara maganar gara ta mutu. Wannan sai an haɗa da asibiti. Mu tuna gidan marin da ake kira makarantar addini, wanda 'yan sanda suka buɗe a Rigasa, Kaduna, a watan Satumban 2019, aka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Iyayensu ne suka kai da yawansu neman gyara.

Malam Habu: Nura ɗan'uwa, abin da aka yi a Rigasa zalunci ne, kada a ɗora shi a kan malanta. Ni limamin unguwa nake nufi, wanda ya san ubanta da kakanta.

Anti Rakiya: To Nura, asibitin yana ina? Mu nan Zamfara idan abin ya yi tsanani sai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, ga kuɗin mota, ga hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Kuma wadda aka ji an kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, sunanta ya zama mahaukaciya, aurenta ma sai Allah.

Nura: Gaskiya ne Anti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma likitoci ba su ƙaru a ƙauye don an sa hannu ba. Shi ya sa nake son abin da Dakta Dixon Chibanda ya yi a Zimbabuwe: ya horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mai damuwa ya zo ya zauna su saurare shi da harshensa. Wanda abinsa ya fi ƙarfinsu su miƙa shi ga likita. Muna da ungozomomi, muna da malaman Islamiyya mata. Me ya hana?

Ustaz Kabiru: Ina tare da Malam Habu a kan addu'a, amma akwai abin da yake damuna game da mu malamai. Da ta buɗe baki sai mu ce "yi haƙuri, ƙaddara ce", mun rufe mata baki ke nan, ta koma da abinta a ciki tana ganin kukanta raunin imani ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Mu fara bari ta yi kukanta tukuna.

Hajiya Yagana: Allah ya saka da alheri Ustaz. Abin da na ga ya yi aiki a wajenmu shi ne ɗinkin hula. Mata takwas ko goma a kan tabarma, kowa idonta a kan allurarta, ba mai tambayar kowa komai. Sai an yi makonni wata ta ce "ni ma a gabana aka yanka mijina", wata ta amsa mata, kai a sunkuye. Yarinyar da na ce ta daina magana, a nan ta fara cewa a miƙo mata zare. Hular kuma ta sayar ta sayi sabulu da kuɗinta.

Malam Habu: Hajiya, wannan ai shi nake faɗa, nata ne suka saurare ta.

Hajiya Yagana: Ba danginta ba ne Malam, waɗanda abin ya sama ne kamar ita. Kuma matar da ke jagorantar zaman an horar da ita, ta san ranar da za ta ce wannan sai an kai ta wajen likita, ta kuma raka ta da kanta don kada a gane.

Malam Habu: Har yanzu ban yarda namiji baƙo ya zauna yana yi mata tambayoyi ba. Amma maganar "annoba" ta tsaya mini a rai. Ustaz, ka turo mini ayoyin da hadisin, ina da karatu bayan Magariba ranar Alhamis.