Adaftar USB zuwa serial ta ƙi tashi a Windows 11, tana nuna Code 10

Auwal_Sikeli:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana a taimaka. Akwai sikelin lantarki mai mashigar RS-232 a bayansa, irin mai fil tara ɗin nan da ake kira DB9, kuma ana so nauyin da ya auna ya riƙa shiga kwamfuta kai tsaye. Laftof ɗin Windows 11 ce, ramukan USB kawai gare ta, don haka aka samo adaftar USB zuwa serial, wadda babu sunan kamfani a jikinta. Idan na soka ta, kwamfuta tana yin ƙarar ta ga sabon abu, amma a Device Manager alamar rawaya ce ke fitowa, an rubuta Code 10, na'urar ta kasa tashi. Na cire direban, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar, na sake sakawa sau uku, abin bai canza ba. Wane direba ya kamata in sauke, kuma daga ina?

Injiniya_Hadiza:

Wa alaikumus salam, Malam Auwal. Dakata da sauke-sauken tukuna. Direba ba ya bin sunan da ke kan kwali ko launin waya, IC ɗin da ke cikin kan adaftar, wato ɗan guntun lantarkin da ke yin aikin, yake bi. Sai ka san wane IC ne kafin ka san abin da za ka saka.

Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta devmgmt.msc. Ka danna na'urar mai alamar rawaya sau biyu, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi mai ɗauke da VID da PID, kowanne da alamomi huɗu. VID lambar kamfanin da ya ƙera IC ɗin ce, PID kuma ta samfurin. Guda huɗu ne suka cika kasuwa:

VID_0403 da PID_6001: FT232R na kamfanin FTDI
VID_067B da PID_2303: PL2303 na Prolific
VID_1A86 da PID_7523: CH340 na WCH
VID_10C4 da PID_EA60: CP2102 da danginsa na Silicon Labs

Daga bayaninka, zatona ya fi karkata ga 067B, wato Prolific, domin Code 10 a kan adafta marar suna kusan tambarin wannan gidan ne. Dalili kuwa shi ne an kwaikwayi tsohon samfurin PL2303HXA sosai, jabunsa suka yi yawa. Prolific ta daina ƙera shi a 2012, sabbin direbobinta kuma suna duba IC ɗin, idan tsoho ne ko jabu su ƙi tayar da shi. Wani lokaci ma maimakon Code 10 sai sunan na'urar ya koma saƙon Turanci da ke cewa an daina wannan samfuri tun 2012, a tuntuɓi mai sayarwa. Samfurin PL2303TA shi ma yana da irin nasa saƙon a Windows 11, ko da na ainihi ne. Shi ya sa cirewa da sake sakawar da kake yi ba ta haifar da komai: direban lafiyarsa ƙalau, da gangan yake ƙin adaftar.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko, wadda ake yawan yaɗawa, ita ce a tilasta wa Windows tsohon direba na wajajen 2008, wanda ba ya wannan binciken. Ana shiga Update driver, sai Browse my computer, sai Let me pick from a list, a zaɓi tsohon. Yana iya aiki, amma ban ba ka shawarar ka jingina aikin awo a kansa ba. Windows Update na iya mayar da sabon direba ba tare da ta tambaye ka ba, kuma idan ka canza ramin USB sau da yawa sai ka sake zaɓen daga farko. Sannan kariyar Memory integrity ta Windows 11 kan ƙi tsoffin direbobi irin wannan, sai an kashe ta. Mafi muni, tsohon fayil ɗin a shafukan da ba a san masu su ba ake samunsa, shi kuwa direba a cikin zuciyar tsarin kwamfuta yake gudana, yana da iko a kan komai.

Ta biyu ita ce a canza adafta zuwa mai FT232R, CP2102 ko CH340 daga mai sayarwa amintacce. Na FTDI yawanci Windows Update ke kawo direbansa da kanta idan akwai intanet. Idan bai zo ba, a shafin FTDI ka nemi wanda aka rubuta wa VCP, shi ne mai samar da lambar COM, sunan da Windows ke ba mashigar serial. Akwai wani mai suna D2XX, wannan na manhajojin da ke magana da IC kai tsaye ne, ba shi kake bukata ba. Na CH340 sunan fayil ɗinsa CH341SER.EXE a shafin WCH, kada lambar 341 ta ruɗe ka, shi ne na CH340 da CH341 duka. Na Silicon Labs kuma CP210x VCP ne. Kowanne daga shafin kamfanin da ya ƙera IC ɗin, ban da manhajojin nan masu alƙawarin sabunta duk direbobi a danna ɗaya.

Ka sani FTDI ma ana yin jabunsa. A 2014 wani direbansu ya riƙa mayar da PID na jabun zuwa 0000, kwamfuta ta daina gane su gaba ɗaya, har sai da aka janye shi. Idan ka taɓa ganin VID_0403 tare da PID_0000, to labarin ke nan.

Auwal_Sikeli:

Allah Ya saka da alheri, Injiniya. 067B ɗin ne kuwa. An samo wata mai FT232R, yanzu ta fito a ƙarƙashin Ports da sunan COM7, babu alamar rawaya. Sai dai na buɗe PuTTY, manhajar da ke nuna abin da ke shigowa ta mashigar, a kan COM7 da gudun aikawa 9600, na ɗora kaya a kan sikeli, allo baƙi ƙirin, ko ɗigo bai fito ba. Ita kuma manhajar da ta zo da sikelin COM1 zuwa COM4 kaɗai take nunawa.

Malam_Bashir_RS232:

Madalla, batun direba ya ƙare. Abin da ya rage waya ce da saiti, kuma a nan ne aka fi ɓata lokaci, saboda mutane suna canza abu uku a lokaci guda. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da gwada adaftar ita kaɗai. Cire ta daga sikeli. A bakinta na namiji, fil na 2 shi ne mai karɓa, RXD, fil na 3 mai aikawa, TXD, fil na 5 kuma ƙasa, GND. Lambobin suna rubuce ƙanana a jikin robar, ka haska fitila ka karanta, kada ka ƙirga da ka, domin jerin na mace kishiyar na namiji ne. Ka haɗa fil na 2 da na 3 da ɗan guntun waya, ka kula kada ya taɓa ƙarfen gefe. A PuTTY ka shiga Connection, sai Serial, ka mayar da Flow control zuwa None, don shi a kan XON/XOFF yake zuwa. Buɗe COM7 ka buga haruffa. Idan suna bayyana, kuma suka daina bayyana da ka zare guntun wayar, to adafta da direba da lambar COM duk lafiya. Daga nan kada ka ƙara taɓa direba.

Sai wayar da ke tsakani. Iri biyu ce kuma daga waje kamarsu ɗaya. Akwai miƙaƙƙiya, wadda 2 ke zuwa 2, 3 ke zuwa 3. Akwai mai giciye da ake kira null modem, wadda 2 na wannan gefe ke zuwa 3 na wancan. Ƙa'idar ita ce mai aikawa na gefe ɗaya ya faɗa kan mai karɓa na ɗaya gefen. Idan aka haɗa mai aikawa da mai aikawa, shiru za ka ji, irin wanda kake gani yanzu. A bisa al'ada na'ura mai bakin mace miƙaƙƙiya take so, amma masu ƙera sikeli ba duka ke bin al'adar ba, don haka mitar auna wuta ce za ta raba gardama. Kunna sikeli, sa mita a kan DC, baƙar waya a fil na 5, ja a fil na 2, sannan a fil na 3. Fil ɗin da ke aikawa, lokacin da ba ya aika komai, yana zama a ƙasa da sifili, galibi tsakanin -5 da -12 bolt. Idan na 2 ne ya nuna haka a sikelin, miƙaƙƙiya kake bukata. Idan na 3 ne, null modem. Idan babu wanda ya nuna, wataƙila mashigar a kashe take a cikin saitin sikelin, ko kuma irin na'urorin nan ne da ba sa kunna mai aikawarsu sai sun ji an haɗa su da wani abu.

Wannan awon yana kare ka daga wani kuskure mai ƙona kaya. RS-232 na gaske yana aiki ne da wuta daga 3 zuwa 15 bolt, sama da sifili da ƙasa da shi, kuma a juye: ƙasa da sifili shi ne 1. Akwai kuma ƙananan adaftoci marasa DB9, masu fil a fili da aka rubuta wa TX, RX da GND, waɗanda ake amfani da su a kan ƙananan allunan lantarki irin Arduino da makamantansa. Waɗannan TTL ne, daga 0 zuwa 5 ko 3.3 bolt. IC ɗin USB ɗin ɗaya ne, direba ɗaya, amma babu IC mai canza ƙarfin wuta irin MAX232 ko MAX3232 a cikinsu. Ka haɗa irin wannan da RS-232 na gaske, ko dai ka ga shirme ko ka kashe shi. Haka RS-485, wani tsarin serial mai wayoyin A da B, shi ma adaftarsa daban ce, ko da an fito da shi ta bakin DB9.

Na uku, shi sikelin kansa. Da yawansu ba sa aika komai sai an ce su aika. A saitinsu akan sami yanayi uku: aikawa ba tsayawa, aikawa idan an danna maɓallin Print, ko aikawa idan kwamfuta ta turo umarni. Don gwaji ka sa shi a na farko. A wurin za ka ga gudunsa da tsarin bit ɗinsa, ka kwafe su daidai cikin PuTTY.

Idan rubutu ya fara fitowa amma duk shirme ne, gudu ne bai dace ba, ka gwada 1200, 2400, 4800, 9600, 19200. Idan kuwa wasu lambobi suna fitowa daidai wasu suna zama baƙin alamomi, gudun daidai ne, parity ne matsalar, wato bit ɗin da ake ƙarawa a kowane harafi don gano kuskure. Sikeli da yawa suna aikawa da 7E1, wato bit 7 da parity Even, kai kuma kana saurare da 8N1, wato bit 8 babu parity. Alamarsa a bayyane take: 0, 3, 5, 6 da 9 za su fito lafiya, 1, 2, 4, 7 da 8 su lalace, saboda su ne bit ɗin parity ɗinsu ke zama 1, kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin ɓangaren harafin. Mayar da Data bits zuwa 7, Parity zuwa Even.

Tsawon waya kuma kada ya wuce kimanin mita 15. Idan nisan ya fi haka, a rage gudu ko a koma RS-485.

Injiniya_Hadiza:

Malam Bashir ya gama da waya. Ga batun COM1 zuwa COM4: a Device Manager ka buɗe COM7, ka shiga Port Settings, sai Advanced, ka canza COM Port Number zuwa COM3 ko COM4. Za ka iya ganin an rubuta in use a gabansu alhali babu abin da ke soke. Windows ce ke riƙe lambobin na'urorin da aka taɓa sokawa, har da waccan adaftar da ta ƙi aiki. Ka danna View, sai Show hidden devices, ka cire waɗanda suka dusashe a ƙarƙashin Ports, lambobin za su kuɓuta. Bayan canjin ka zare adaftar ka mayar.

Kuma ka rufe PuTTY kafin ka buɗe manhajar sikelin. Mashigar COM manhaja ɗaya take karɓa a lokaci guda, ta biyu Access denied za ta samu, mutum ya ɗauka direba ne ya sake lalacewa.

A wannan shafin na Advanced akwai Latency Timer, wanda FTDI ke barinsa a kan 16, wato kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa. Ga sikeli ba komai, amma idan manhajar tana yawan cewa lokacin jira ya ƙare, rage shi zuwa 2 ko 1. Idan kuma haɗin yana yankewa bayan an daɗe ba a taɓa kwamfutar ba, ka kashe USB selective suspend a saitin wuta.

Nura_Linux:

Ƙarin bayani ga wanda zai yi wannan aikin a Linux, tunda tambayar za ta taso. Babu abin saukewa, direbobin huɗun suna cikin kernel, wato zuciyar tsarin Linux: ftdi_sio, pl2303, ch341 da cp210x. Soka adaftar ka buga lsusb, za ka ga VID da PID ɗin da Injiniya ta lissafa, sannan sudo dmesg zai nuna sunan da aka ba ta, yawanci /dev/ttyUSB0. Allunan da ke bin tsarin CDC ACM, irin Arduino Uno na ainihi, /dev/ttyACM0 suke fitowa.

Idan ka samu Permission denied, ba ka cikin rukunin da ke da izinin mashigar. A Debian da Ubuntu: sudo usermod -aG dialout $USER, sannan ka fita daga asusunka ka sake shiga, in ba haka ba canjin ba zai kama ba. A Arch sunan rukunin uucp. Gwaji kuma: screen /dev/ttyUSB0 9600, ko picocom idan kana son saita parity cikin sauƙi.

A Ubuntu 22.04 akwai matsalar da ta shafi CH340: ttyUSB0 ya bayyana, nan take ya ɓace. Manhajar brltty ce, ta allon rubutun makafi, take ƙwace shi domin akwai irin wannan allon mai amfani da lambar 1A86:7523. Za ka ga sunanta a dmesg. Idan babu mai amfani da allon makafi a kwamfutar, sudo apt remove brltty yana warware ta.

Idan adafta ta wuce ɗaya, kada ka rubuta ttyUSB0 a cikin manhajarka, domin lambar tana bin wadda aka fara ganowa, gobe tana iya zama ttyUSB1. Yi amfani da sunan da ke cikin /dev/serial/by-id. FT232R kowanne da lambar shaidarsa, don haka sunansa ba ya canzawa ko an canza rami, kuma dalilin ke nan da Windows ma ke riƙe masa lambar COM ɗinsa. CH340 na gama-gari ba shi da wannan lamba, guda biyu suna ɗaya za su nema. A irin wannan hali /dev/serial/by-path za ka bi, kowace adafta kuma ta zauna a raminta.