Uba, Ɗa da Jika: Musayar Waƙa kan Sarkin Tsibirai na Ƙarshe

Ɗan Marina:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na zo da baitoci a kan John MacDonald, shugaban zuriyar Donald a yammacin Sikotlan kuma Sarkin Tsibirai na ƙarshe, wanda ya ƙulla yarjejeniyar asiri da Sarki Edward na Huɗu na Ingila a 1462 domin a raba ƙasar, asirin ya tonu aka ƙwace masa yankin Ros a 1476, sannan Sarki James na Huɗu na Sikotlan ya karɓe sarautar baki ɗaya a 1493. Tausayinsa nake ji. Amsa-amona "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

A Finlagan, tsakiyar tafki a tsibirin Aila,
Nan kakanninsa suke yin naɗawa.

Sabon sarki ya sa ƙafa a sawun dutse,
Farar sanda da takobi yake karɓawa.

Jiragen katako masu filafilai
Sun rufe teku, ba mai iya ƙirgawa.

John ya gaji duk wannan yana matashi,
Kayan da ya fi ƙarfin mai ɗaukawa.

Sarkin Edinbura na kallon ƙasarsa,
Kamar kura ta ga akuya na gilmawa.

Ya nemi jingina da Ingila a ɓoye,
Ashe bangon da ya zaɓa mai rushewa.

Da magana ta fito ya zaɓi durƙuso,
Ya saki Ros, sauran yake son tserarwa.

Wanda ya sunkuya don jama'a su kwana,
Ni ban ga laifinsa ba, sai yabawa.

'Yar Gidan Malam:
Wa alaikumus salam, Malam. Waƙarka ta tsaru, amma ban karɓi hukuncinka ba, domin ka bar ɗansa Angus Og a waje, wanda ya ƙi wannan sulhu har ya ci mahaifinsa da yaƙi a teku kusa da tsibirin Mul a farkon shekarun 1480. Ka kuma manta da yaƙin Harlo na 1411.

Malam, ka ce don jama'a ya sunkuya,
Shin ya tambaye su kafin miƙawa?

A Harlo kakansa Donald ya ja daga,
Don Ros ɗin nan maza suka sha faɗuwa.

Ros ta tafi, yankin Kintaya ya bi bayanta,
Da alƙalami, ba a zare takobi ba kuwa.

Sarautar da kakanni suka riƙe da kansu
Ta zama aro, mai shi na iya karɓewa.

A can shugaban zuriya uba ne ga dangi,
Shi ke raba gona, shi ke karewa.

Shi ke sasanta gaba, ya ciyar da mawaƙa,
In ya saki ƙasa, ina za a dafawa?

Angus bai ɗaga hannu don son rawani ba,
Rumfar gidansu ya ga tana zubewa.

Mashigin Jini ake kiran wurin har yau,
Ranar da ruwan teku ya yi rinewa.

Ɗan Marina:
Malama, na ji, kuma ban musanta jarumtar Angus ba. Sai dai ki dubi abin da nasarar ta haifa: an kashe shi a Inbanes a 1490, uban kuma ya rasu a Dundi a 1503, yana cin ɗan abin da fadar sarki ke ba shi.

Jiragen da suka nutse a wannan mashigi,
Na gida ɗaya ne, wa ya yi cinyewa?

Zuriyar MacLean da MacLeod suna bayan uba,
Dangi ya sari dangi ba dubawa.

Makaɗinsa ɗan ƙasar Ailan, mai yi masa waƙa,
Shi ya yanka Angus, ba tsallakewa.

Shekara uku bayan an rufe Angus,
Sarautar Tsibirai ta yi ƙarewa.

Dattijon Zaure:
'Ya'yana, kun yi ta ja-in-ja a kan uba da ɗa, kun bar wanda ya fi ba ni tausayi, wato jikan, Donald Baƙi ɗan Angus. Kakansa na wajen uwa, shugaban zuriyar Campbell mai mulkin Argail, shi ya tsare shi tun yana ƙarami. Mutanen Gilenko suka kuɓutar da shi a 1501, aka sake kama shi bayan 'yan shekaru, bai fito daga gidan sarƙa na Edinbura ba sai a 1543.

Yaro ya tashi a ganuwa tsakiyar tafki,
Kakansa ne mai riƙe makullin rufewa.

Bai ga Harlo ba, bai sa hannu a takarda ba,
Jininsa kaɗai ya jawo masa ɗaurewa.

Ya fito, tsibirai suka tashi dominsa,
Ya koma ɗaki kusan shekara arba'in kuwa.

Ya shiga da baƙin gashi, ya fito da furfura,
Amma dangi ba su yi mantawa.

Jirage 180 suka bi shi Ailan,
Da mayaƙa 4,000 masu amsawa.

A 1545, a garin Dorogeda,
Zazzaɓi ya kwantar da shi, ba tashiwa.