Shawarwarin da aka ba masu digiri na biyu a fassara

Kusan duk wanda ya ba da shawara ya tsaya kan cewa ka'idojin da ake koyarwa a aji ba su isa ba, sai mutum yana zama yana fassara kullum ko sakin layi ɗaya ne, yau labarin jarida gobe takardar asibiti ko ta kotu. Wata malama ta ce in ka gama ka karanta wa wanda bai ga Turancin ba, duk inda ya ce "me?" to akwai gyara, ni wallahi wannan ta fi kama ni. An kuma ce a riƙe ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero, a buɗe littafin tara kalmomi, sannan a dinga sauraron labaran rediyo.