Ginin GCC 13.2 yana tsayawa a mataki na biyu, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina ƙoƙarin gina GCC 13.2 (manhajar da ke mayar da rubutun C da C++ zuwa shirin da kwamfuta ke gudanarwa) daga tushen rubutunsa a kan tsarin Linux na Ubuntu 22.04, domin GCC 11 da ya zo da tsarin ba shi da std::format (hanyar tsara rubutu a C++), aikina kuma yana bukatarsa.

Na sauke GMP da MPFR da MPC, laburaren lissafi da ginin ke bukata, ta hanyar contrib/download_prerequisites, na buɗe folda dabam domin ginin, sannan da aka yi ƙorafin rashin gnu/stubs-32.h sai na ƙara --disable-multilib (domin a bar gina sashen 32-bit), wannan matsalar ta wuce. Ginin GCC matakai uku ne, kuma mataki na farko yana kammala lafiya. A na biyu ne, bayan kusan awa biyu fankar kwamfutar tana ta kuka, komai yake daskarewa, har linzamin ya daina motsi, daga nan sai saƙo ya fito cewa an kashe cc1plus, sashen GCC mai fassara C++. Na duba dmesg, inda ake ganin saƙonnin kanel (zuciyar tsarin Linux), na ga kanel ne ya kashe shi saboda ƙarewar ma'adanar wucin gadi (RAM), wadda gigabait 4 ce kacal. Na rage yawan ayyukan da make, manhajar da ke tafiyar da ginin, ke yi a lokaci guda daga huɗu (-j4) zuwa biyu (-j2), amma ba ta sauya zani ba.

Shin ƙara girman swap (wurin da ake ware a faifai domin tallafa wa RAM) zai wadatar, ko kuwa gara in yi amfani da --disable-bootstrap, wanda ke sa a yi ginin a mataki ɗaya kawai? Abin da ya sa nake ɗari-ɗari da na biyun shi ne, zan rasa kwatanta mataki na biyu da na uku, wanda shi ne ke tabbatar da ingancin ginin. Kuma idan na sake kiran make, zai ɗora daga inda ya tsaya ba tare da ragowar fayil ɗin da aka katse ya ɓata aikin ba, ko dole in share foldar in faro daga farko? Na gode.